Minista da Hannu a Kan Nama

Dama na san za a rina. Tun daren da na furta a majalisarmu cewa zan yi rubutu a kan yadda Sinawa ke rubuta kalmar ƙoda, ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Alhajinmu mai shago a Kantin Kwari, wanda fasfonsa ya cika da hatimin Guangzhou, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, shekara nawa ina zuwa ƙasar nan, ban taɓa buƙatar sanin wannan ba. Mu kalkuleta ce yarenmu." Hedimasta da ke gefensa ya ce shi a ganinsa rubutun Sinawa sawun kaji ne a kan danshi. Autan majalisa, wanda ya gama digiri yana jiran aiki, ya ce, "Yaya, da ka rubuta a kan farashin masara." Na gode muku duka. Masara tana nan, ba inda za ta sai sama. Yau ƙoda za mu ci, kuma ku ukun nan da ire-irenku cikin masu karatu ku matso kusa, da ku nake.

Ga ta nan: 腎

Kada ku kawar da kai, ba ta cizo. Hedimasta, kai da ka ce sawun kaji ne, bari mu feɗe maka kazar har wutsiya. Dubi ƙasan harafin, za ka ga 月. Duk wanda ya yi sati biyu a ajin Sinanci zai ɗaga hannu ya ce, "Wata ne!" Ya faɗi. A nan ba wata ba ne, nama ne. Asalinsa 肉, wato tsoka, amma da aka yi ta matse shi a gindin haruffa da gefensu shekara aru-aru, sai ya rame har ya yi kama da harafin wata. Japanawa sun ga wannan rikici suka laƙaba masa suna nikuzuki, watan nama. Mutanen Taiwan kuwa ba su yarda a bar abin haka ba, a makarantunsu ana karkata 'yan layukan cikinsa biyu don a bambance nama da farin wata. Kuma ba ƙoda kaɗai ke ɗauke da wannan tambari ba. Hanta 肝 na da shi, huhu 肺 na da shi, haka tumbi 胃 da hanji 腸 da ƙwaƙwalwa 腦. Kamar dai ka shiga layin mahauta ka tarar da kowane teburi an kafa masa tuta iri ɗaya. Zuciya 心 ce kawai ta ƙi shiga layi, ta tsaya ita kaɗai ba tambari. Ko a wurinmu ma ai zuciya ba ta cika bin doka ba.

Yanzu ɗaga ido sama. A hagu akwai 臣. Tsoffin rubuce-rubuce sun nuna hoton ido ne da aka tsayar a tsaye, irin kallon wanda ya sunkuyar da kai gaban ubangidansa. Daga nan ya zama bara, ya zama bafade, ya zama minista. Har gobe da wannan harafi Japanawa ke rubuta kalmar ministan gwamnati. A dama kuma akwai 又, hannun dama. To a haɗa: minista, da hannu, a kan nama.

Na ga murmushinku tun daga nan. Auta, sauke hannunka, na san abin da za ka ce, kuma ba zan buga shi ba. Ku 'yan Najeriya ba a nuna muku abu uku a jere ba ku fitar da kasafin kuɗi daga ciki ba. Abin takaici ga masu son wannan fassara, ministan da hannunsa ba ma'ana suka zo bayarwa ba, sauti suka kawo. Haka akasarin haruffan Sinanci suke: ɓangare ɗaya ya gaya maka dangin abin, ɗayan ya raɗa maka yadda za ka furta. Wannan minista da hannunsa su ne dai a saman 堅 mai nufin tauri, da 緊 mai nufin tamke, da 賢 mai nufin mutumin kirki mai hikima. Kun ga ashe ministan yakan zauna a kan kirki ma, ba kullum a kan nama ba.

Ba ni na ƙirƙiro wannan bayani ba. Wani malami mai suna Xu Shen ya kammala ƙamus wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya tattara haruffa 9,353 ya kasa su gida 540, ɗansa ya kai wa sarki a shekara ta 121. A ciki ya nuna nama ne ma'anar wannan harafi, saman kuma sauti, ya kuma danganta ƙoda da ruwa. Abin dariyar shi ne sunan malamin kansa. Shen ɗin da ke sunansa wani harafi ne daban, 慎, mai nufin taka-tsantsan, amma a bakin mutanen Beijin na yau furucinsa ɗaya sak da ƙoda. Malam Ƙoda ya rubuta ƙamus ya fassara ƙoda.

Alhaji zai ce shi a kwalayen da yake gani a Guangzhou ba haka harafin yake ba. Gaskiyarka, Alhaji, ashe dai kana kallon wani abu ban da kalkuleta. Abin da kake gani shi ne 肾. Daga 1956 gwamnatin Sin ta shiga rage wa haruffa kaya don talaka ya iya karatu, aka fitar da cikakken jeri a 1964. Da aka zo kan ƙoda sai aka kama ministan aka mai da shi sanduna biyu a tsaye. Hannu yana nan, nama yana nan, minista ne kawai aka yi wa garambawul. Harafi mai zane 12 ya koma mai zane 8. Taiwan da Hong Kong suka ce su ba su san zancen ba, suka riƙe tsohon. Japan ma ta riƙe tsohon, sai dai in ka tambayi ɗan makarantar Tokiyo zai ƙirga maka zane 13, domin su a wurinsu ministan zane bakwai ne, ba shida ba. Harafi ɗaya, kamanni ɗaya, an kasa daidaitawa a kan lissafinsa. Kada wanda ya sake yi mana gori a kan ƙidayar jama'a.

Sai furuci. A Beijin ana cewa shen, da murya mai faɗowa kamar kana tsawata wa akuya. Ka kuskura ka ɗaga muryar sama, ka ce abin bauta. Ka miƙar da ita, ka ce jiki. Ka lanƙwasa ta ƙasa ka dawo da ita, ka kira matar ƙanin babanka. Hedimasta na girgiza kai yana cewa wannan wane irin wahalallen yare ne. Ranka ya daɗe, kai da kake koya wa yara cewa kuka na miya daban, kuka na hawaye daban, wuyan riga daban, wuyar rayuwa daban, kuma duk rubutu ɗaya? Laifi tudu ne. Su aƙalla in murya ta rikice sai su zana harafin a tafin hannu da yatsa, gardama ta ƙare. Kai da me za ka zana?

To wannan harafi ya yi tafiya, kuma tafiyar ce ta sa na ɗauko zancen. Ɗan Hong Kong ya kalle shi ya ce san. Bajapane ya ce jin. Ɗan Koriya ya ce shin, amma in ya rubuta da boko sai ya rubuta sin. Ɗan Biyetnam ya ce thận, da ta mai iska da murya mai nauyi kamar an danne ta. Ba kalmomi huɗu ba ne, kalma ɗaya ce da kowa ya samo daga bakin Sinawan da, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya kai gida ya tauna da irin haƙoransa. Wanda duk wannan ya ba shi mamaki ya tuna da littafi. Balarabe ya ce alkitab, Baturke ya ce kitap, mutumin Zanzibar ya ce kitabu, mu muka karɓa muka murɗe shi har mai shi ba zai gane kayansa ba. Abin da Larabci ya yi mana a fagen addini da shari'a da lissafi, daga alƙali zuwa ashirin da talatin, shi rubutun Sin ya yi wa maƙwabtansa a fagen mulki da magani. Alhaji, ka lura dai: in ka gaya wa ɗan Koriya za ka tafi Sin, a kunnensa ba ka yi nisa da cewa za ka tafi ƙoda ba.

Amfanin abin ya wuce wasa. A 1597 jakadan Koriya Yi Su-gwang da jakadan Biyetnam Phùng Khắc Khoan suka haɗu a Beijin. Babu mai jin maganar wani. Suka ɗauko alƙalamin gashi da tawada suka yi ta hira a takarda, har da musayar waƙoƙi. A 1905 ɗan gwagwarmayar Biyetnam Phan Bội Châu ya isa Japan ya yi irin wannan hira ta alƙalami da malamin Sin Liang Qichao. Duk alhajin da ya taɓa zama kusa da ɗan Indunusiya a Harami, aka rasa yare sai 'yan kalmomin Larabci, ya san daɗin wannan. Likitan Koriya Heo Jun ya wallafa babban kundinsa na magani a 1613 da haruffan Sin, aka sake buga shi a Sin da Japan, likitocin can suka karanta ba tafinta. Yau kam an rabu. Koriya na da nata baƙaƙen da Sarki Sejong ya fitar a 1446, Biyetnam ta koma boko, jarrabawar fada ta ƙarshe da aka yi da haruffan Sin a can ta 1919 ce. Matashin Hanoi zai ce thận sau goma a rana bai taɓa ganin ministan da hannunsa ba, kamar yadda ɗanka zai ce alƙalami bai san alif da lam ne a gabansa ba.

Amma ga inda labarin ya fi yi mini daɗi, kuma mai tsiren bakin layinmu ne ya buɗe mini ido ba da saninsa ba. Rannan ina tsaye yana gyara kayan ciki, ya ɗauko ƙodar rago, ya ɓare mata farar rigar kitsen nan, ya tsaga ta biyu a tsaye, ya sa bakin wuƙa ya ƙwaƙule farin da ke tsakiya ya jefa wa kyanwa. Na ce me ya sa? Ya ce, "Malam, nan zarnin yake." Sai ya ajiye ɗaya a tafin hannunsa kafin ya yanka, na dube ta da kyau: wake ne sak, har da ɗan lotsawar cibiyar. Ashe abin da na gani a tafin mai tsire shi mutanen Koriya suka gani. Kalmarsu ta gida ita ce kongpat. Kong wake ne, pat kuma wani ɗan jan wake ne da suke dafawa. Wake-da-wake ke nan, siffa daga ɗaya, launi daga ɗaya. In yaro na haddar haruffan Sin a Koriya, sai ya rera ma'ana da sauti tare, ya ce kongpat shin, kusan yadda almajiri ke bin fassara kalma da kalma. A Japan ka shiga gidan gashin nama ka ce a ba ka jinzo, sunan ƙoda a bakin likita, za a dube ka kamar ka ɓato daga asibiti. Sunanta a kan gawayi mame, wato wake. A Biyetnam likita zai ce thận, mai nama a kasuwa ya ce cật. Su kansu Sinawan masu harafin, in an zo tukunya sai su ajiye shen su ce yaozi, 'yar ƙugu, don a ƙugu take zaune. Daga nan ne ƙwallon yazawa ya samu sunansa a wurinsu, yaoguo, don shi ma ya lanƙwashe kamar ƙoda. Masu girkinsu na tsaga ta, su cire farin nan da mai tsirenmu ya ba kyanwa, su tsattsaga bayanta gicciye ba tare da wuƙa ta ratsa ba, in ta faɗa mai mai zafi sai ta nannaɗe ta buɗe, su kira ta furen ƙugu. Wannan yawanci ta alade ce, Alhaji, ba tallarta nake ba. Taka tana wurin Musulmin Xinjiang, masu gasa ƙodar rago a tsinke da yaji, in ka rufe ido sai ka rantse a Sabon Gari kake.

Tunda na ambaci Xinjiang, ga wata. Da Koriya ta ajiye haruffan Sin ta koma nata baƙaƙe, kalmomin da harafi ne kawai ke raba su sai suka faɗa rami ɗaya. Shinjang ƙoda ce. Shinjang tsawon mutum ne. Shinjang kuma shi ne lardin nan na masu tsire. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya. In nas ta ce za ta auna maka shinjang, sai ka dubi hannunta ka ga ko tef ta riƙe ko allura. A irin wannan wuri wake-da-wake yakan fi fitar da mutum kunya.

Kun ga ƙoda biyu ke nan, ta littafi da ta tukunya. Akwai ta uku, kuma ita ce mai rikici. A tsohon ilmin maganin Sin, wanda kundin Huangdi Neijing ya kafa tubalinsa kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, shen ba matatar fitsari kawai ba ce. Rumbu ce. A cikinta ake ajiye ƙarfin da mutum ya gado daga iyayensa, wanda da shi yake girma, yake haihuwa, yake tsufa in ya ƙare. Ita ke riƙe da ƙashi da ɓargo, kunne ne tagarta, gashin kai ne shaidar lafiyarta. Abokanta ruwa da hunturu da baƙin launi da gishiri. Wani tsohon littafin ma, Nanjing, ya ce ba duka biyun ne ƙoda ba: ta hagu ce ƙoda, ta dama ƙofar rai ce. Har 'ya'yan maraina an kira su ƙodar waje. Kuma tsoro a ƙoda yake kwana.

Hedimasta ya yi tsaki: yaya za a yi tsoro ya zauna a ƙoda? To kai a ina ka ajiye naka? Ba kai ne ka ce hantarka ta kaɗa ranar da sufeto ya shigo ba zato ba? Farin cikinka da baƙin cikinka duk a ciki ka zuba su, tare da tuwo. Su aƙalla suna da hujjar da ake gani da ido. Duk wanda ya taɓa firgita firgita ta gaske ya san ta inda shaidar take fitowa, kuma ba ta hanta ba ce.

Daga wannan rumbu aka samo kalmar da ke sa mazan Sin gyara zama: shen xu, ƙoda ta yi holoƙo. Ciwon baya, jiri, ƙarar kunne, yawan fitsarin dare, da uwa uba abin nan da ba a faɗa a gaban surukai, duk a jefa a buhu ɗaya. Japanawan zamanin Edo sun karanta haruffan biyu jinkyo, suka mai da su abin tsokanar mutumin da ya cika kwana a ɗaki har ya rame. A Biyetnam kalmomin bổ thận, gina ƙoda, na manne a kwalayen magani ko'ina. Auta yana dariya har da buga ƙafa. Yi a hankali, ƙanena. Ranar kasuwa ka tsaya kusa da motar nan mai lasifika a kai ka saurara. Cire kalmar basir ko sanyi daga bakin mai tallar ka sa shen xu, ba sai ka canja ko wasali ɗaya a sauran jawabin ba. Jerin alamomin ɗaya ne, sunkuyar da kan masu saye ɗaya ne, har da "wani abokina ne ya aiko ni." Shahararren maganinsu na gina ƙoda, Liuwei Dihuang Wan mai haɗi shida, wani likitan yara ne ya tsara shi, Qian Yi na zamanin daular Song, kuma littafin da ya ƙunshe shi an tattara shi a 1119. Don jarirai aka yi shi, irin waɗanda maɗigarsu ta yi jinkirin rufewa. Yau gemuna ne ke layi a kansa.

Samarin Sin na intanet sun ƙara nasu gishiri. Soyayyar gaskiya sun ce ta bi ta zuciya, ta sha'awa kuma ta bi ta ƙoda. A 2011 kuma wani yaro ɗan shekara 17 ya sayar da ƙodarsa ɗaya yuwan 22,000 ya sayi iPhone da iPad, lafiyarsa ta lalace, waɗanda suka yi cinikin suka gurfana a kotu. Tun daga nan iPhone ta samu laƙabin wayar ƙoda, da iPhone 6 ta fito aka ce ƙoda ta shida ta iso. Wannan dariya ce mai ɗaci, ban kuma ga ta yi mana nisa ba.

Yaya aka yi ƙodar rumbu da ƙodar asibiti suka kwana a harafi ɗaya? A 1771, a filin da ake zartar da hukuncin kisa a Edo, wato Tokiyo ta yau, likitoci Sugita Genpaku da Maeno Ryotaku suka tsaya ana feɗe gawar wata tsohuwa, kowannensu riƙe da littafin sassan jiki na harshen Holan. Suna duban gawa suna duban hoto. Na Turawan ya dace, zanen da suka gada daga Sin bai dace ba. Washegari suka zauna fassara, alhali Holancin nasu bai taka kara ya karya ba, suka fitar da littafin a 1774. Inda ba su da kalma suka ƙirƙira, kamar ta jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Inda tsohuwar kalma take kuwa, suka ɗora ta a kan sabon ilmi. Ƙoda na cikin waɗannan. Sabon ɗan haya ya shigo, tsohon bai tashi ba, kuma ɗaki ɗaya ne. Shi ya sa har yau mutum zai fito daga wurin mai maganin gargajiya an ce masa ƙodarsa ta yi holoƙo, ya ruga asibiti a auna jininsa da fitsarinsa a ce lafiyarta lau, kuma kowanne cikin masu maganar biyu ya san abin da yake nufi.

Bayan su, a 1805, wani likitan Japan Udagawa Genshin ya rasa harafin da zai kira ƙullutun naman nan masu tsatso ruwa a jiki, sai ya ƙera nasa: ya ɗauko watan nama ya jingina da harafin maɓuɓɓuga, 腺. Sinawa suka gani ya yi musu, suka karɓa. Mai aro ya zama mai ba da aro. Da shi Sinawa ke kiran ɗan ƙullutun da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, ɗan Biyetnam ya ce tuyến thượng thận, Bajapane ya ce fukujin, mataimakin ƙoda. Daga wannan 'yar hula sinadarin adirenalin ke fita ya sa zuciya dukan uku-uku in an firgita, kuma Bajapane ne, Takamine Jokichi, da mataimakinsa suka tace shi a New York a 1900. Hedimasta, ka ji ko? Tsoffin da ka yi wa tsaki sun ce tsoro a ƙoda yake. Sun kuskure gida, amma da katanga ɗaya.

Japanawa na da wata kalma, kanjin, mai nufin abin da ba a yi sai da shi, ƙashin bayan magana. Hanta da ƙoda aka haɗa, 肝腎. Da gwamnati ta taƙaita haruffan yau da kullum zuwa 1,850 a 1946, ƙoda ba ta samu shiga ba, sai jaridu suka koma rubuta kalmar da hanta da zuciya, 肝心, tunda furucin ɗaya ne. Sai a 2010, da aka sake faɗaɗa jerin ya kai 2,136, aka dawo da ƙoda bakin aiki. Shekara 64 tana dakatacciya, kuma ko kwana ɗaya ba ta fasa tace wa Japanawa jini ba.

In har yanzu akwai mai cewa duk wannan wasan suna ne, to ya ji wannan, a nan ba dariya. A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a Beljiyam ya riƙa ba da haɗin magani da ya kamata ya ƙunshi wata saiwar Sin mai suna han fang ji. Abin da ya shiga ciki guang fang ji ne, wata shuka daban mai guba. Haruffa biyu na ƙarshe ɗaya ne, na farkon ne ya bambanta. Mutum sama da 100, kusan dukansu mata, ƙodarsu ta lalace. Da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya sankara ta kama musu hanyar fitsari. Kalkuleta ba ta karanta wannan, Alhaji, kuma kwalaye masu irin wannan rubutu ba a Beljiyam kaɗai ake sauke su ba.

Na karanta wa majalisa wannan rubutu kafin in miƙa shi. Hedimasta ya ce har yanzu sawun kaji ne, sai dai kajin sun yi makaranta. Auta ya ce shi dai yana nan a kan fassararsa ta minista. Alhaji bai ce uffan ba, ya shanye shayinsa ya tafi. Wajen sha ɗayan dare wayata ta yi ƙara, ga saƙonsa, ba ƙugiya ko ɗaya a kan baƙaƙen kamar yadda kuka saba dukanku, ku masu yi wa zane goma sha biyu dariya alhali lanƙwasa ɗaya a kan ka ta gagare ku. Ya rubuta: "Malam koda wasa kada ka fada a majalisa. Ya sunan maganin nan mai hadi shida? Wani abokina ne ke tambaya." Na daɗe ina duban kalmar ta biyu, ina tunanin ko da yake nufi ko ƙoda.

Ban faɗa a majalisa ba, Alhaji. Ka gaida abokin naka.